Farfaɗo da Tsohuwar Land Cruiser a Khartum da Omdurman

A biranen nan uku da ke mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, wato Khartum da Omdurman da Bahri, motar jif mai ja da ƙafa huɗu kayan aiki ce da ake ratsa sahara da ita, kuma wadda ta fi samun karɓuwa ita ce Toyota Land Cruiser, musamman jerin 70 da aka fara ƙerawa a 1984 da jerin 80 da aka yi daga 1990 zuwa 1997. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa 2017, da ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 wadda ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, sun sa sabuwar mota ta fi ƙarfin mafi yawan mutane, don haka aka koma ga raya tsofaffi. Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar, domin maƙeran Sudan sun daɗe da shahara wajen sake gina manyan motocin Bedford da suke kira Sifinja, suna ƙara musu ƙarfin shasi da sufirin har su ɗauki kayan da masu ƙera su a Ingila ba su tsara musu ba.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, aikin farko na wanda ya sayi tsohuwar mota a yau shi ne takardu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF ya zo da wawashe motoci daga gidaje da ofisoshi da wuraren sayarwa, kuma Land Cruiser ce aka fi farauta saboda amfaninta a fagen daga. Tun kafin yaƙin ma akwai motocin da ake shigowa da su daga Libiya ba tare da biyan kwastan ba. Saboda haka wajibi ne a duba lambar shasi, wato lambar da aka buga a jikin ƙarfen da ke ɗauke da motar, da lambar injin, a tabbatar sun yi daidai da abin da ke takarda kuma babu alamar goge ko walda a wurin, sannan a tantance su wajen 'yan sandan kula da zirga-zirga. Maganar dillali ba ta isa hujja ba, kuma duk kuɗin da aka zuba a motar sata na mai ita ne ranar da ya bayyana.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci suna ɗauke da injin dizal mai suna 1HZ, mai silinda 6 da girman lita 4.2, wanda ya fito a 1990. Ba shi da turbo, kuma famfon da ke tura masa mai na ƙarfe ne zalla ba tare da kwamfuta ba, abin da ya sa kanikawan unguwannin masana'antu na Khartum da Omdurman suka san shi ciki da bai. Rauninsa zafi ne. A watannin Mayu da Yuni zafin Khartum yakan wuce digiri 40, kuma idan injin ya tafasa, kan silinda na iya tsagewa ko gasket ɗinsa ya ƙone, gyaran da ya ninka kuɗin rigakafi sau da yawa. Don haka ake fara wanke lagireto ciki da waje, a sauya robobin ruwa da fanbel, a duba famfon ruwa, a kuma zuba ruwan sanyaya injin na musamman, domin ruwan famfo zalla yana tara dattin da ke toshe ƙananan bututun lagireto. Akwai kanikawan da ke cire tamostat, wato ɗan murfin da ke daidaita zagayawar ruwa, da sunan maganin zafi, alhali wannan ɓoye cutar ne kawai, kuma bai kamata mai mota ya yarda da shi ba. Haka nan bel ɗin da ke daidaita juyin injin, wanda aka saba sauyawa bayan kimanin kilomita 100,000, gara a sauya shi nan take, tun da ba a cika samun tarihin gyaran motar gwanjo ba, kuma tsinkewarsa a kan tafiya tana lalata bawul.

Ƙura ce abokiyar gaba ta biyu. Guguwar da 'yan Sudan ke kira habub, wadda takan rufe Khartum gabanin damina da cikinta, tana cusa yashi mai laushi a ko'ina, kuma idan ya ratsa matatar iska sai ya riƙa cin bangon silinda kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Bugun matatar da iska mai ƙarfi, kamar yadda ake yi a gareji da yawa, yana iya huda takardarta, don haka sauya ta ya fi. Man dizal kuma, wanda ƙarancinsa ya sa ake saye daga durom da jarka, musamman bayan lalacewar matatar mai ta Jaili da ke arewacin Bahri, yakan zo da ruwa da laka, don haka ake wanke tanki, a sauya filta, a ƙara wata ta biyu mai raba ruwa da mai kafin ya kai ga famfo da nozul.

Motar da ta yi shekara biyu a ajiye har zuwa lokacin da sojoji suka sake karɓe Khartum a Maris na 2025 tana da nata matsalolin, domin batir ya mutu, tayoyi sun tsattsage, robobi sun bushe, kuma ba a tayar da ita sai an sauya baƙin mai. Bushewar ƙasar ta sa tsatsa ba ta cika cin bodi ba, sai dai a motar da ta shiga ambaliya irin ta 2020 ko ta daɗe a gaɓar teku a Port Sudan. Abin da ake dubawa a ƙasan motar shi ne tsagewar shasi sakamakon lodi fiye da kima, da ganyen sufirin da ya karye, da birki, da man giya, da giris na gatarin gaba wanda yakan yi yoyo idan robobinsa sun mutu.

A kasuwar kayan gyara ana samun na asali da jabu da gwanjon da aka ciro daga wasu motoci, kuma a filta da bel da birki araha ba ta da wani amfani. Fenti da kujeru su ne na ƙarshe, domin wanda zai kama titin da ya tashi daga Omdurman zuwa Dongola ta cikin sahara yana buƙatar lagireto mai lafiya da safaya biyu da jarkokin ruwa kafin ya buƙaci sheƙin bodi.