Filin kokowa da kuɗin lanho: lissafin da ya kamata Dakoro ta yi

Idan kaka ta yi, aka ɗaure dammunan hatsi, aka cika rumbuna, babu ƙauyen da ba ka jin kiɗan kokowa a ƙasar Dakoro, daga Kornaka zuwa Sabon Mashi, daga Birnin Lalle zuwa bakin Tarka. Shi ya sa duk lokacin da aka ta da zancen gina babban filin wasa da kuɗin hukuma, jama'a kan yi maraba. Amma ku 'yan kasuwa masu biyan patanti, da ku ma'aikata da ake yankar lanho a albashinku, kuɗinku ne ake magana a kai. Ya kamata mu zauna mu yi lissafi.

Masu son a gina suna da hujja. Tun 1975, da aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, wadda Yakuba Ango Kantu na Maradi ya lashe, takobi ya zama abin da ke tara 'yan Nijar wuri guda. Jahohi takwas kan turo 'yan kokowa goma-goma, a yi wajen kwana goma ana fafatawa. Garin da ya karɓi baƙuncin gasar yakan ga ciniki: mahauta su yanka, mata su saida tuwo da fura, masu kabu-kabu su kwana a hanya, masu gidajen haya su ɗaga farashi.

Sai dai shekara kwana 365 ce, takobi kuma kewayawa yake yi tsakanin manyan biranen jahohi. Ke nan Maradi ma, mai filin da aka sa wa sunan Kantu, sai ta jira shekaru kafin layi ya dawo kanta. Dakoro kuwa babban birnin gunduma ne. Nata shi ne zaɓen gwanaye ta tura su Maradi. Wanda ya gina mata fili irin na babban birni, ya gina gida ne domin baƙon da ba zai zo ba.

Akwai wani abu kuma da masanan tattalin arziki suka daɗe da lura da shi. Jikar da ɗan gari ya kashe wajen kallo, da babu wasan, a garin zai kashe ta, wajen mai shayi ko mai kanti. Kuɗin sun sauya aljihu ne, garin bai ƙaru da ko dala ba. Riba ta gaskiya ita ce wadda baƙo ya shigo da ita daga waje. Su kuma kuɗin gini, mafi yawansu ficewa suke yi, tun da siminti da ƙarfe da babban ɗan kwangila duk daga nesa suke zuwa; abin da ke saura ga samarin gari shi ne leburancin 'yan watanni.

Bayan an yanke kyalle, sai ɗawainiya ta fara: mai gadi, ruwa, wutar lantarki, fenti, gyaran katanga bayan damina. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, irin wannan nauyi kan faɗa wuyan hukumar gari, wadda asusunta ya dogara da tikitin kasuwa da na tasha. Ko manyan ƙasashe sun ɗanɗana wannan ɗaci. Birnin Monreyal na Kanada, da ya karɓi wasannin Olimfik a 1976, sai a 2006 ya gama biyan bashin gine-ginensa. Mu ma mun ga bukin 18 ga Disamba mai kewayawa, wanda ya kawo shirin Maradi Kwalliya a 2015. Ma'aunin irin waɗannan ayyuka shi ne yawan ranakun da ƙofarsu ke buɗe bayan baƙi sun watse.

Mutanen Dakoro sun fi kowa sanin cewa dalar da aka kashe a nan, an hana ta wani wuri. A 2005, shekarar da Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a watan Disamba, a shekarar ce yunwa ta sa ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ke jinyar yara masu tamowa a Dakoro. Ba wasanni ne suka kawo fari da fara ba, amma wanda ya ga abin da idonsa ba zai ƙara raina zancen bankin cimaka da rijiyar makiyaya ba.

Ba cewa muke yi kada a gina kome ba. Samari na bukatar wurin motsa jiki, kokowa kuma gado ce. Abin da muke cewa shi ne daidai ruwa, daidai tsaki. Arzikin Dakoro dabbobi ne da hatsi, baƙinta na kullum kuwa fatake ne da dillalai masu cin kasuwannin gunduma, irin ta Sakabal. Fili madaidaici, mai katanga da inuwa da famfo, kusa da kasuwa, wanda za a riƙa sa kokowa a cikinsa ranar da kasuwa ke ci, 'yan lakwal su yi wasanninsu, a yi baje kolin dabbobi, a ba da hayar shaguna a jikin katangarsa domin kuɗin gyara, shi ne zai iya ciyar da kansa.

Saboda haka, duk ranar da aka kawo wannan batu gaban hukumar gari, a nemi amsa uku a rubuce: nawa ginin zai ci, wa zai biya kuɗin kula da shi kowace shekara, kuma kwana nawa zai yi aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba shugabanninmu basirar auna kaya kafin a aza wa talaka.