Buntun Shinkafa da Dafin da ke Kwance a Fadama

Tun zamanin kakanni manomin ƙasar Zazzau ya yi imani da taki, har ya zamana ba ya rarrabe tsakanin kashin shanu da kashin kaji da sharar da ake kwasowa daga jujin Sabon Gari, duk abin da ya ruɓe ya baƙanta ƙasa a wurinsa albarka ne. Amma ga mai noman shinkafa a fadamun Zabi da bakin Galma akwai wata mas'ala wadda ta wajaba a yi mata duban tsanaki, ita ce ta dafin nan da masana ke kira asanik.

Shi wannan dafi Allah Ya halicce shi kaɗan-kaɗan cikin kowace ƙasa, gurɓataccen ruwa da sharar gari kuma suna iya ƙara shi. Muddin ƙasa tana shan iska yana nan ɗaure jikin tsatsar ƙarfen da ke ba jar ƙasa launinta, amma da zarar ruwa ya kwanta a gona kwana da kwanaki, iska ta yanke, sai tsatsar ta narke ta sake shi. Ita kuwa shinkafa, saboda tsananin bukatarta ga silikon, sinadarin da ke sa ganyenta kaushi har ya yanki yatsa, sai ta zuƙe dafin ta ƙofar da take zuƙar silikon ɗin, ta tara kusan ninki goma na abin da alkama ke tarawa. Mutanen Bangaladash, waɗanda aka tabbatar da dafin cikin rijiyoyinsu a 1993, sun ɗanɗana wannan musiba, kuma a 2014 hukumar ƙa'idojin abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke haddi cewa kada ya wuce miligiram 0.2 a kilo guda na farar shinkafa.

A nan ne hukuncin taki ya rabu. Ɗanyar tattakar shinkafa da kashin da bai ruɓe ba, idan aka binne su sa'an nan aka sako ruwa, ƙwayoyin halittar da ke cin su suna gaggauta ƙarar da iskar, sai dafin ya ƙara kwancewa, alhali manomi yana zaton gyara ya yi. Kashin kaji ma yana da nasa shubuhar, domin an daɗe ana zuba wa kaji maganin roxarsone mai asanik cikin abinci, kafin a dakatar da sayar da shi a Amurka a 2011.

Buntu kuwa, wanda ake tsibewa bayan injin casa, iska tana watsa shi, wani lokaci a cinna masa wuta ya kwana yana hayaƙi, cike yake da silikon. Idan aka mayar da shi gona, ko shi kansa ko gawayinsa, sai silikon ya yi wa dafin cunkoso a bakin saiwa, abin da ke isa ƙwaya ya ragu. A ganina asara ce babba a bar shi yana ƙonewa a banza. Haka nan janye ruwa lokaci-lokaci, a bar gona ta tsane, yana da fa'ida, illa dai ƙasa mai shan iska tana sakin wani dafin, kadmiyam, don haka awo ya zama wajibi kafin a yanke shawara.

Samaru ga ta nan kusa, inda aka fara binciken noma tun 1922, wurin kuma ya zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Abin da nake roƙon malaman ƙasa na wurin shi ne su ɗebi ƙasar fadamun Zabi da ruwanta da shinkafarta su auna kafin damina, su sanar da manoma sakamakon da Hausa, ta rediyo da bakin malaman gona.