Ɗaga karan hanci: hajar da ba a mayar wa mai ita

A ƙasar Hausa, tun kaka da kakanni, dogon hanci na cikin abin da ake yabon mace da shi. Tsohuwa in tana gasa jariri da ruwan ɗumi takan ja masa hanci, wai don ya miƙe. Mai kwalliyar amare kuma takan ja layi biyu masu duhu a gefen hancin amarya, ta haska tsakiya don ya fito a hoto. Jan tsohuwa bai taɓa ƙara wa ƙashi tsawo ba, kwalliya kuwa ruwa na wanke ta.

Yau zance ya wuce nan. Hajiyoyinmu masu sarin kaya a Istambul da Dubai da Gwanju suna wucewa ta ƙofar asibitocin gyaran fuska, tallarsu kuma na biyo mu har cikin salula ta TikTok da WhatsApp, ga hoton kafin aiki ga na bayan aiki. Ana yawan yi mana tambaya a gidan rediyo kan wannan batu. Shi ya sa muka ga ya dace mu baje shi a faifai kamar yadda ake baje haja, kowa ya ga gaba ya ga baya kafin ya sa kuɗinsa da fuskarsa.

Yadda aikin yake

Karan hanci ƙashi ne daga sama, guringuntsi daga ƙasa, fata ta lulluɓe su. Babu maganin sha ko man shafawa da ke ɗaga shi, haka ma ƴar matsar roba da ake sayarwa a ce a riƙa maƙala ta a hanci. Hanya guda ce: a sa ciko tsakanin ƙashi da fata. Bambancin hanyoyin duk yana ga irin cikon, kuma iri uku ne: ruwan allura, roba, ko wani yanki na jikin mutum da kansa.

Likitoci sun daɗe suna lalube. A 1899 wani likitan birnin Biyana a ƙasar Otiriciya, Robert Gersuny, ya fara ɗura wa mutane narkakken kakin kyandir ƙarƙashin fata, daga baya aka riƙa cike hanci da shi. Wata Ba'amurkiya da ta yi suna wajen kyau, Gladys Deacon, ta sa aka yi mata wajen 1903. Kakin ya zame ya gangaro mata haɓa, ya ɓata mata fuska har ƙarshen rayuwarta. A Jamus kuma shahararren likitan hanci Jacques Joseph ya yi aiki da hauren giwa. Duk an watsar da waɗannan, domin jiki ba kowane baƙo yake karɓa ba.

Allura: mai sauƙi, mai haɗarin makanta

Wadda aka fi talla ita ce allura. Ana ɗura wani ruwa mai kauri kamar ƙaro, mai suna asid hiyaluronik, a kan karan hanci. Cikin minti 15 zuwa 30 an gama, babu yanka, babu kwanciya. Sai dai jiki na shanye shi a hankali cikin wata 6 zuwa 18, sai an sake biya. In an yawaita shi kuma yakan baje gefe, hanci ya ƙara faɗi.

Babban haɗarin shi ne wanda mai talla ba ya faɗa. Hausawa na cewa abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi, kuma a jiki ma haka abin yake: hanyoyin jinin da ke kan hanci a haɗe suke da wadda ke ciyar da ido. In tsinin allura ya faɗa cikin ɗaya, ruwan na toshe ta. Fatar hanci na iya mutuwa ta ruɓe, ko ido ya rufe nan take, kuma da wuya gani ya dawo. Wasu likitoci sun tattara labarin mutum 98 da suka samu matsalar gani ta dalilin allurar ciko a 2015. A 2019 suka ƙara wasu 48, fiye da rabinsu a hanci aka yi musu. Alamun toshewa su ne zafi mai tsanani, fata ta canza launi ta yi dabbare-dabbare, ko gani ya dushe. A baƙar fata canjin launin na da wuyar ganewa da wuri. Akwai allurar da ke narkar da wannan ruwa, hiyaluronidaz, wadda kan ceci fata in an yi ta da gaggawa. Duk wanda zai yi wa mutum ciko ba shi da ita a kusa, a tashi a ba shi wuri.

Mafi muni shi ne ruwan silikon ko wani mai da ake ɗurawa a shagon gyaran gashi ko ɗakin otel. Wannan ba ya narkewa, yana yawo ƙarƙashin fata, yana haifar da ƙulalai masu tauri bayan shekaru, kuma ko likitan fiɗa ba ya iya kwashe shi duka. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a Nuwamba 2017. Akwai kuma zaren da ake cusawa cikin hanci. Shi ma ba ya daɗewa yake narkewa, kuma yakan huda fata ya leƙo ko ya tara mugunya.

Roba: ana sa ta da sauri, tana iya tayar da rigima daga baya

Hanya ta biyu fiɗa ce. Likita na yanka ta cikin kafar hanci ko ta ƙarƙashinsa, ya buɗe ƴar hanya a kan ƙashi, ya zura sandararren silikon da aka sassaƙa daidai tsawon hancin. Ita aka fi yi a Koriya ta Kudu da Sin da Tailan. Aikin ba ya cin lokaci sosai, kuma in an samu matsala ana iya zare robar.

Amma roba baƙuwa ce har abada. Tana iya karkacewa, tana iya ɗaukar ƙwayar cuta ko bayan shekaru. Jiki kan yi mata kube, in kuben ya tsuke sai hanci ya gajarce ya ɗaga sama. Wadda aka yi da lanƙwasa har ƙarshen hanci tana danna fata, fatar ta yi ta sirancewa har robar ta ɓullo. Akwai wata iri mai suna Gore-Tex mai ƴan ƙananan ƙofofi da nama ke kamawa. Ba ta cika zamewa ba, sai dai ranar da ta kama a cire ta an fi shan wuya.

Guringuntsin mutum: jiki ya san nasa

Hanya ta uku, a ɗebo guringuntsi daga jikin mai hancin. Ana ɗauka daga bangon da ya raba kafofin hanci biyu, amma a hanci irin namu galibi ɗan kaɗan ne. Ana ɗauka daga kunne, shi kuma lanƙwasasshe ne mai taushi, ba ya yin babban ciko. Mai son ɗagawa sosai sai dai haƙarƙari. Tun da naman mutum ne, jiki ba ya ƙin sa, kuma bai cika ɗaukar ƙwayar cuta kamar roba ba. Farashinsa shi ne yanka biyu, dogon aiki cikin cikakken barci, ciwon ƙirji na kwanaki da tabo. Guringuntsin haƙarƙari kan lanƙwashe daga baya, hanci ya karkace. Don magance haka ne wasu ke daddatsa shi ƙanana su naɗe, dabarar da likitan Turkiyya Onur Erol ya bayyana a 2000. Yau da yawa suna naɗe shi cikin tantanin da suke ɗauka daga gefen kai. Shi ma wani ɓangare nasa jiki kan shanye.

Hancinmu da fatarmu

Ga abin da ya kamata mai zuwa Istambul ta riƙe. Yawancin masu zuwa gyaran hanci a Turkiyya da Iran rage musu ake yi, a kankare ƙusumbin da ke kan kara. Ɗaga gajeren kara a ƙarƙashin fata mai kauri wani aiki ne dabam. Likitan da ya gwanance da na farko ba lalle ya iya na biyu ba. A nemi ya nuna hotunan baƙaƙen fata da ya yi wa aiki, waɗanda aka ɗauka bayan shekara guda, domin hoton ranar fiɗa kumburi ne kawai da hasken fitila.

Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tsirowa, irin wanda muke gani a kunnen wasu mata bayan huji. Kunne da ƙirji, inda ake ɗebo guringuntsi, suna cikin wuraren da ya fi fitowa. Mai shafa man canza launin fata ta sani cewa da yawansu na ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata ya hana miki warkewa. Mai ciwon suga, mai hawan jini, mai amosanin jini da mai shan taba ko shisha, tilas su faɗa wa likita gaskiya kafin a sa su barci.

Lissafin ɗan kasuwa

Ɗan kasuwa ba ya lissafa kuɗin sari ya manta da kuɗin mota da na duwan. Yuro 1 sefa 656 ne. In an ce aiki yuro 3.000, kusan miliyan 2 ke nan, ban da jirgi da otel da magani. Ana cire abin da aka tallafe hanci da shi bayan kamar mako guda, kuma ba a shiga jirgi sai likita ya duba ya yarda. Makonni za a yi ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba ɗora tabarau a hanci, ba daɗewa cikin rana. Ko sujada sai an tambayi likita yadda za a yi. Kumburi ba ya gama saɓewa sai bayan shekara, a fata mai kauri har ya zarce. Likitoci kan ce cikin mutum 100 da aka yi wa gyaran hanci, 5 zuwa 15 sai an sake musu aiki, kuma na biyu ya fi na farko wuya da tsada.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: in hanci ya yi ja ya fara mugunya wata uku bayan an dawo Maraɗi ko Tawa, wa zai duba? Dillalin da ya haɗa ki da asibiti ya riga ya karɓi la'adarsa. Saboda haka kafin a biya ko dala, a ga likitan ido da ido, a san sunansa da takardar ƙwarewarsa, a san wane ne mai sa barci. A karɓi takarda mai ɗauke da sunan abin da aka sa cikin hanci da bayanin aikin, da resin kuɗi, a dawo da su gida. Araha ba ta ado.

Matsayin malamai da masu lalura

Majalisar malaman fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna kan fiɗar gyaran jiki a Putrajaya ta ƙasar Maleziya a Yuli 2007. Ta halatta gyaran aibin da aka haifi mutum da shi ko wanda haɗari, ƙuna ko cuta suka jawo, ta hana canza lafiyayyar halitta don son zuciya ko kwaikwayo, ta kuma ambaci canza siffar hanci cikin misalan abin da ta hana. Malamai na kafa hujjar halatta gyara da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi. Ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umurce shi ya sa na zinariya.

Masu irin wannan lalura suna nan cikinmu. Akwai wanda ya faɗi a kabu-kabu karan hancinsa ya lotsa har numfashi na yi masa wuya, akwai wanda kuturta ta rusa wa hanci. Akwai yaran da cutar noma, mai cinye baki da fuska, ta kama. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis ta daɗe tana kula da su a Damagaram, a Sakkwato kuma akwai asibitinsu na musamman tun 1999, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamba 2023. Da guringuntsin kunne da na haƙarƙari ake sake gina wa irin waɗannan hanci. Duk mai irin wannan matsala ya fara da likitan hanci, kunne da maƙogwaro a manyan asibitocinmu na Yamai ko Damagaram.

Wadda kuwa hancinta lafiya lau yake, tana shaƙa tana fitarwa, ta zauna ta yi lissafi da kyau. Atamfa in ta zuba ana mayar wa mai kanti, amma fatar hanci in ta mutu babu inda ake saro wata. Kada garin neman gira a rasa ido. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.