Kula da Ƙarfen Zarto Mai Inji

Masu yankan katako a Izom, kusa da Suleja, sun san nauyin zarto mai inji idan an yini ana aiki. Shi ya sa ake ƙera wani nau'in ƙarfen da sarƙa take zagayawa da alminiyam a cikinsa, domin ya yi sauƙin ɗauka. Amma irin wannan ƙarfe ba ya jure wulaƙanci. Mai yana shiga ta wata 'yar kafa, wadda garin katako da ƙurar hunturu kan toshe. Waɗansu sukan faɗaɗa kafar, alhali sau da yawa sharewa kawai take bukata. Tsohon baƙin man mota kuwa yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe mai cinye famfo. Sarƙar da ta bushe takan yi zafi, har ta tsinke ta raunata mai aiki.