Ko Ka Sani? Kanari Na Sabunta Ƙwaƙwalwarsa Kowace Shekara

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai kiwon kanari ya san yadda abin yake. Keji na rataye a bakin shago ko a inuwar zaure, ɗan tsuntsun da bai cika tafin hannu ba ya ɗaga kai, wuyansa ya kumbura yana karkarwa, ya saki murya ya yi ta jan ta kamar ba zai numfasa ba. Mai shi ya san namiji ne gwanin wannan aiki. Ya kuma san akwai lokacin da tsuntsun ke yin tsit, musamman idan yana zubar da gashi, sai bayan makonni ya dawo da sabon karsashi.

To, ko ka san cewa a tsakanin wannan shiru da dawowar murya akwai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke mutuwa, wasu sababbi fil kuma su maye gurbinsu? Kanarin da aka gano wannan a jikinsa shi ne wanda Turawa ke kiwo, mai asali daga tsibiran Kanari da Madera da ke tekun Atalantika, kuma dangi ne ga namu na gida. Shi ne ya rushe wata magana da masana suka shafe shekaru da dama suna ɗauka kamar yankan wuƙa.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

Wannan karin magana gaskiya ne, amma hanya biyu ce ke kai tsuntsu ga kukan gidansu. Zakara da kurciya gado suka yi. Masani ɗan ƙasar Japan, Masakazu Konishi, ya kurmantar da 'yan tsaki tun suna ƙanana, amma da suka girma suka yi cara kamar kowane zakara. Ba su buƙaci malami ba, ba su ma buƙaci jin muryar kansu ba.

Tsuntsaye masu waƙa kuwa, waɗanda suka haura nau'i 4,000, koyo suke yi. A shekarun 1950, William Thorpe na Jami'ar Kambirij da ke Ingila ya raini wasu 'yan tsuntsaye a ɗakin da sauti ba ya shiga, ba su taɓa jin babba na rerawa ba. Da suka girma sai suka fito da wata guntuwar waƙa maras fasali. Ɗalibinsa Peter Marler ya gano a yankin San Faransisko na Amurka cewa tsuntsu nau'i ɗaya na da karin harshe daban-daban daga wannan daji zuwa wancan, kamar yadda kake gane Basakkwace da Bakano da zarar sun buɗe baki.

Ɗan kanari kan fara ne da gwaranci yana da kwana 40 ko makamancin haka, wasu ƙananan sautuka marasa kan gado, tamkar jariri mai koyon magana. Daga nan ya riƙa gwadawa yana gyarawa, yana auna abin da kunnensa ya ji daga bakinsa da abin da ya haddace daga manya, har waƙar ta zauna yana kusan wata takwas, daidai lokacin da ya isa neman mata.

Mutumin da ya bi muryar har cikin kai

An haifi Fernando Nottebohm a birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina a 1940, ya taso da son tsuntsaye. Ya yi karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakile, inda ya kammala digirin digirgir a 1966 a hannun Peter Marler, sannan ya koma Jami'ar Rockefeller da ke birnin New York a 1967. A can ya yi rayuwarsa ta bincike, akasari a wata cibiya da jami'ar ke da ita a karkarar Millbrook, cikin kejuna da kukan tsuntsaye. Tambayarsa guda ce tun farko: ta yaya ƙwaƙwalwa ke koyon sauti?

Ya fara daga maƙogwaro. Tsuntsu ba a saman maƙogwaro yake samar da murya kamar mu ba. Abin muryarsa na can ƙasa cikin ƙirji, inda bututun iska ya rabu biyu zuwa huhu, kuma kowane ɓangare da jijiyarsa. Nottebohm ya yanke jijiyar dama a wasu kanari, waƙar ba ta rasa komai ba sai kaɗan. Ya yanke ta hagu a wasu, kusan duk waƙar ta watse. Ashe ɗan tsuntsun nan ma yana fifita ɓangare ɗaya wajen murya, abin da ke tuna wa masana yadda magana ta fi zama a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwar yawancin mutane.

Daga nan ya bi jijiyar zuwa sama. A 1976, shi da abokan aikinsa Tegner Stokes da Christiana Leonard suka fitar da taswirar hanyar waƙa a ƙwaƙwalwar kanari. Akwai wani ɗan curin ƙwayoyi da ake kira HVC, wanda ke tsara jerin sautuka. Shi ke aika umarni ga wani curin mai suna RA, shi kuma ya miƙa ga jijiyar da ke motsa tsokar murya. Aka lalata HVC, sai tsuntsun ya tsaya a kan reshe, ya gyara tsayuwa, wuyansa na rawa, amma babu waƙa.

A wannan shekarar dai, shi da Arthur Arnold suka lura da wani abu da ido ke iya gani a ƙarƙashin madubin ƙara girma: waɗannan curoyi sun ninka girma sau uku zuwa huɗu a kan namiji fiye da na mace. Abin da mai kiwo ya sani da kunne, ga shi a rubuce cikin nama.

Ƙwaƙwalwa mai bin yanayi

A ƙasashen sanyi, tsawon yini ne ke kaɗa wa tsuntsu gangar aure. Idan hunturu ya wuce rana ta fara daɗewa, sinadarin maza da ake kira testosteron kan ƙaru a jinin namiji, ya kama waƙa ba dare ba rana. Idan an gama ƙyanƙyasa, sinadarin ya ja baya, gashi ya zube, waƙar ta sukurkuce. Sai kuma ya sake ɗinka ta, ya yar da wasu gaɓoɓi, ya ƙaro sababbi.

Nottebohm ya auna ƙwaƙwalwar mazan kanari a watan Afrilu, ya auna ta wasu a Satumba. Sakamakon da ya buga a 1981 ya girgiza masana: HVC na Afrilu ya kusa ninka na Satumba, RA kuma ya fi da kimanin kashi 76 cikin ɗari. Ya kuma gwada bai wa manyan mata testosteron. Cikin 'yan makonni curoyinsu suka kumbura, suka kama rera waƙa irin ta maza.

Daga ina wannan ƙari ke fitowa? Da farko an fi zaton tsofaffin ƙwayoyi ne ke ƙara rassa, kamar bishiyar da ta ga damina. Hakan na faruwa kuwa. Amma tunanin cewa ana haifar sababbi, wannan ya saɓa wa abin da ke cikin kowane littafin koyar da likitoci. Tun zamanin Santiago Ramón y Cajal, babban masani ɗan ƙasar Sifen da ya sami kyautar Nobel a 1906, an tafi a kan cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ƙidayayyu ne: abin da ka girma da shi, shi ke nan, wadda ta mutu ta tafi.

Gwajin da ya warware zare

Dabarar da Nottebohm da ɗalibinsa Steven Goldman suka yi amfani da ita tana da daɗin fahimta. Duk ƙwayar da za ta rabu biyu dole ta fara kwafar kundin gadonta, wato DNA, kuma ɗaya daga cikin tubalan ginin wannan kundi shi ne taimidin. Sai suka yi wa manyan kanari allurar taimidin mai ɗauke da tambarin nukiliya maras ƙarfi. Tsohuwar ƙwaya ba ta da abin yi da shi. Wadda ake haifa a ranar kuwa za ta haɗiye shi cikin gininta, ya zauna mata har mutuwa, kamar tsagar gado a fuska.

Bayan mako biyar suka yanka ƙwaƙwalwar sala-sala, siraran da suka fi gashi, suka shafe su da ruwan wanke hoto, suka ajiye a duhu. Duk inda tambarin yake sai baƙaƙen ɗigo-ɗigo suka taru a kai. Da suka leƙa HVC, ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa nan sanye da ɗigon, a tsuntsayen da aka bai wa testosteron da ma waɗanda ba a ba su ba. Lissafinsu ya nuna sababbin na kaiwa kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari a kowace rana. Tsuntsayen da aka duba kwana biyu kacal bayan allura kuwa, ɗigon na jikin bangon wani kogo mai ruwa da ke cikin ƙwaƙwalwa. Nan ne ɗakin haihuwar. An buga wannan a 1983.

Masu shakka suka ce, wa ya tabbatar ƙwayoyin aiki ne, ba na cike gurbi ba? A 1984 Nottebohm da John Paton suka soka siririyar allurar lantarki cikin ƙwayoyin HVC ɗaya bayan ɗaya, suka kunna sauti, suka ga ƙwayar ta amsa, suka zuba mata rini don su gane ta daga baya. Da aka yanka, wasu daga cikin masu amsawar na ɗauke da tambarin. Ƙwayar da ba ta wuce wata guda da 'yan kwanaki a duniya ba, ga ta tana ji. Bayan shekara huɗu, Arturo Alvarez-Buylla ya nuna yadda jaririyar ƙwaya ke barin bangon kogon, ta kama wani dogon zare tana rarrafe a kai na tsawon makonni har ta isa masaukinta. Da yawa kan mutu a hanya.

Gaskiyar da ta jira lokacinta

Adalci ne a ambaci Joseph Altman, wanda tun farkon shekarun 1960 ya ga alamar wannan abu a ƙwaƙwalwar ɓera, amma aka yi biris da shi. Ko bayan aikin kanari, wasu sun ce ai wannan lamarin tsuntsu ne kawai. A 1985 Pasko Rakic na Jami'ar Yale ya duba manyan birai ya ce bai ga komai ba. Sai a 1998 Peter Eriksson na ƙasar Suwidin da Fred Gage na Amurka suka ba da rahoton sababbin ƙwayoyi a sashen ajiyar tunani na ƙwaƙwalwar manyan mutane, daga gawarwakin masu ciwon daji da aka taɓa yi wa allurar wani sinadari mai irin wannan tambari. Har yau ana muhawara kan yawansu a ɗan Adam: wani bincike na 2018 ya ce suna ƙarewa tun ƙuruciya, wani na 2019 daga birnin Madrid ya same su a tsofaffi. Amma ƙofar da kanari ya buɗe ba ta sake rufuwa ba, kuma ta nan ne masu neman maganin shanyewar jiki da mantuwar tsufa ke leƙawa.

Me ya sa tsuntsu zai riƙa zubar da ƙwayoyin kansa? A mazan kanari, mutuwar ƙwayoyi ta fi yawa a Agusta da Janairu, zuwan sababbi ya fi yawa a Oktoba da Maris, kuma a waɗannan lokuta ne sababbin gaɓoɓi suka fi shiga waƙa. Nottebohm na ganin cewa halittar da dole ta tashi sama ba za ta iya ɗaukar babban kai ba, saboda haka sai ta riƙa wanke allo don a sake rubutu. Shi da Anat Barnea sun sami goyon bayan wannan tunani a 1994 daga wani ɗan tsuntsun dajin Amurka mai ɓoye tsaba a wurare da dama kafin hunturu: sababbin ƙwayoyi sun fi yawa a sashen tuna wuri a watan Oktoba, daidai lokacin ɓoyon. Sai dai akwai wani tsuntsun Ostareliya da ke haddace waƙa ɗaya tal cikin kwana 90 na farko ya riƙe ta har mutuwa, shi ma kuma yana samun sababbin ƙwayoyi. Wannan ya nuna aikinsu ya wuce koyon sabo kaɗai.

Wani abin mamakin shi ne ƙarancin masu wannan baiwa ta kwaikwayon sauti. A tsuntsaye zuriya uku ce kawai: masu waƙa irin su kanari, da dangin aku, da wasu ƙanana masu shan zumar fure a nahiyar Amurka. A masu shayarwa akwai mu, da kifin wel, da jemage, da giwa, da wasu 'yan kaɗan. Biri, duk da kamanninsa da mu, ba ya ciki. Erich Jarvis, wanda ya yi horo a ɗakin binciken Nottebohm, ya nuna da abokan aikinsa a 2014 cewa gomman ƙwayoyin gado na aiki iri ɗaya a sashen waƙa na tsuntsu da sashen magana na mutum. Hanyoyi biyu da suka rabu tun fil azal, suka ɓullo gida ɗaya.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan labari shi ne cewa mutumin bai fita neman maganin wata cuta ba. Tambaya ƙarama ya riƙe, irin wadda yaro kan yi wa kakansa, ya ƙi sakinta shekara da shekaru har ta kai shi inda manyan masana suka ce babu hanya. Kuma kayan aikinsa na farko kunne ne. Dazuzzukanmu da gonakinmu cike suke da tsuntsaye masu waƙa, kowane da kukan gidansu, suna jiran mai haƙurin saurare.

Magabata sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sun kuma ce gemu ba ya hana ilimi. Kanari ya gaskata su duka biyu: yana koyo tun yana tsako, yana kuma ƙara karatu bayan ya tsufa. Saboda haka, ranar da ka ga na maƙwabcinka ya yi shiru a keji, gashi na zuba a ƙasa, ka riƙe waƙarsa ta bana a ka. Idan ya dawo, ka kasa kunne ka ji abin da ya ƙaro.