Gaɓar Gulbi Ma Tana da Hurumi

Duk wanda ya bi ta gadar Jega da rani ya leƙa Gulbin Zamfara zai ga yadda noma ya gangaro har bakin ruwa. Shinkafa nan, albasa da tattasai can, injinan ban-ruwa suna ta ƙugi, kuma a wurare da yawa kunyar ƙarshe tana kan gaɓa ƙiri-ƙiri. Haka abin yake a fadamun Maiyama, haka kuma a bakin ƙoramun ƙasar Aliero, inda albasa ce sarauniya. Ba a ga laifin manomi ba. Tun da shirin Fadama ya yaɗa rijiyar bututu da ƙaramin inji a shekarun 1990, sannan aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, kowane taku na ƙasar fadama ya zama kuɗi. Wa zai bar kuɗi ga ciyawa?

Sai dai wannan ciyawar ma'aikaciya ce. Jema da gamba da kyauro, da itatuwa irin su giyayya da kanya da ɓaure, saiwoyinsu ne ke ɗaure ƙasar gaɓa. Idan ruwan sama ya kwaranyo daga gona ya tarar da su, gudunsa yakan ragu, lakar da ya ɗauko ta kwanta, ragowar takin zamani da maganin feshi su maƙale kafin su isa ruwan da mutane da dabbobi ke sha. In gulbi ya cika ya hau kansu, nan kifi ke samun wurin hayayyafa, abin da kowane Basarke masunci ya sani tun yana yaro. Da zarar an share gaɓa ta zama tsirara, ruwa sai ya riƙa cin ta ta ƙasa, musamman a bayan kwana inda ya fi ƙarfi, har ta rufta. Ƙasar da ta rufta ba ɓacewa take yi ba. Tana cike cikin gulbin, zurfinsa ya ragu, ya riƙa tumbatsa da wuri, ya kwashi rairayi ya zube a gonar wani da ke ƙasa, wanda bai sare ko da reshe ba.

Kada dai a yi wa mutane romon baka. Ambaliya irin ta 2020, wadda ta shanye dubban ɗaruruwan hekta na shinkafa a Jihar Kebbi, ba shingen ciyawa ne zai tare ta ba. Amfaninsa yana bayyana bayan ruwa ya janye: gonar da ke da kariya takan fito da iyakarta, wata kuwa a tarar gulbi ya yanki rabonsa.

Doka fa akwai ta. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta ɗora ikon duk ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya, haɗe da cikinsa da gaɓoɓinsa, kuma Gulbin Zamfara, da ya biyo ta Gummi kafin ya iso Jega, yana cikin wannan sahu. Hukumar kula da muhalli ta ƙasa, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kare dausayi da gaɓar koguna da bakin tafkuna a 2009, ta ƙara da na zaizayar ƙasa da ambaliya a 2011. Ga kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filaye ga gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da izinin gonakin karkara. Hannu ya yi yawa a kan gaɓa ɗaya, shi ya sa manomin da ke bakin ruwa bai san wanda zai tambaya ba, kuma da wuya wani ya zo ya tambaye shi. Mai tifar da ke ɗibar yashi a gindin gaɓa ma haka.

Wasu ƙasashen sun yanke tazara a fili. Dokar daji ta Barazil ta 2012 ta ce a bar mita 30 a kowane gefen rafin da faɗinsa bai kai mita 10 ba, tazarar tana ƙaruwa har mita 500 a manyan koguna. Jihar Minesota ta Amurka ta wajabta kimanin ƙafa 50 a 2015. Kwafo irin wannan kai tsaye zai zama zalunci a nan, domin akwai talakan da duk gonarsa ba ta wuce mita 30 daga ruwa ba.

A ganina abin da ya fi dacewa da mu yana cikin gidanmu. Jega da Aliero da Maiyama duk ƙasar Gwandu ce, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hukuncin filaye. Fiƙihun Malikiyya da ya bi ya san cewa rijiya da kogi suna da haraba wadda ba a mallaka wa mutum ɗaya idan hakan zai cutar da ruwan ko ya ƙuntata wa masu zuwa sha. A kan wannan fahimta aka yi hurumi da burtali da mashaya. Toshe mashaya da shuka kuwa kowa ya san irin rigimar da yake haifarwa tsakanin manomi da makiyayi. Kuma mutanenmu suna bin dokar ruwa in daga hannun da suka yarda da shi ta fito: a Argungu ana hana kamun kifi a ruwan Matan Fada sai lokacin bikin kamun kifi, kuma hanin yana aiki.

Don haka ƙaramar hukuma da hakimi da maigari da Sarkin Ruwa da ƙungiyar manoma su ne za su iya zama su yanke tazarar da gari zai ɗauka, ko da taku goma ne a babban gulbi, taku uku a ƙorama. A auna daga inda ruwa ke kaiwa a damina ta al'ada, domin awon rani yaudara ne. Filin ya ci gaba da zama na mai gona, garma da feshi da ƙona ciyawa kawai za a hana. Ya shuka abin da zai amfane shi: gamba ta zana, jema ta saƙa, mangwaro da gwaiba daga baya-baya, ya yanki ciyawar dabbobi ba tare da tumɓuke saiwa ba. Wanda tazarar ta cinye masa yawancin gona a rage masa ko a musanya masa, kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, irin wannan gyaran ƙasa aka kawo shi ya yi. A fara da bayan kwana, inda gaɓa ke ruftawa, a dasa jema da farkon damina don ta kama ƙasa kafin cikar gulbi a watan Agusta.