Macijin ƙoramun Kumejima: doka ta tsare tudu, ruwa kuwa gangara yake yi

A yammacin babban tsibirin Okinawa na ƙasar Japan, tafiyar kamar kilomita 100, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Kumejima wanda faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 60 ba. A ƙoramun kurminsa kaɗai, duk faɗin duniya, ake samun macijin Kikuzato. Tsawonsa kamu ɗaya da 'yan kai, bayansa baƙi-baƙi da ɗigo-ɗigon ruwan goro, cikinsa rawaya-rawaya, ba shi da dafi. Ƙofofin hancinsa sama suke kallo, don ya leƙo ya shaƙi iska jikinsa na cikin ruwa. Yakan shige ƙarƙashin duwatsun ƙorama yana farautar ƙananan kaguwa.

A 1956 wani mutum mai suna Kikuzato ya kama na farko, a 1958 masana suka yi bayaninsa, suka raɗa masa sunan mutumin. Daga nan aka yi shekara fiye da ashirin shiru, sai a farkon shekarun 1980 aka sake samun wasu, aka gane cewa danginsa macizan ƙoramun tsaunuka ne da ke kudancin Sin da Biyetnam. Yau ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a sahun halittun da ke dab da ƙarewa.

A takarda an yi masa gata. Gwamnatin Okinawa ta ayyana shi cikin abubuwan gado na halitta a 1985. A 1995 dokar ƙasa ta haramta kama shi ko sayar da shi. A 1998 aka keɓe hekta 600 a tsaunin Uegusuku domin mazauninsa, a 2008 kuma ƙoramun tsibirin, hekta 255, suka shiga jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar. Da wuya a sami macijin da ya tara kariya irin wannan. Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin mafarauci ba shi ne babbar matsalarsa ba. Ruwan da yake ciki ne aka sauya.

Bayan Amurka ta mayar wa Japan da Okinawa a 1972, an zuba kuɗi a gyaran filayen noma. Aka sare kurmi, aka baje tuddai, aka faɗaɗa gonakin rake. Ƙasar wurin ja ce, mai saurin zaizayewa. Idan aka bar gona tsirara bayan yankan rake, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka, sai ƙorama mai ruwa garai-garai ta koma jajir. Lakar takan kwanta ta toshe ramukan da ke tsakanin duwatsu, wato ɗakin kaguwa, kuma maɓoyar maciji. Abinci da makwanci sun tafi lokaci guda. Okinawa ta yi dokar hana kwararar jar ƙasa a 1994, sai dai ta fi matsa wa 'yan kwangilar gine-gine lamba. Manomi galibi lallashi ake yi, ya dasa ciyawa a bakin gona ko ya lulluɓe ƙasa da ganyen rake. Kuma ba adalci ba ne a ɗora masa laifin duka, tunda rake ne tukunyar gidansa, tsarin gonakin ma ba shi ya zana ba.

Ga madatsun ruwa da janye ruwa don ban-ruwa, ga ƙoramun da aka shafe gefensu da gindinsu da siminti. Injiniya zai ce an gyara. Ga halittar da rayuwarta ke ƙarƙashin dutse, kwata kawai aka bar mata. Akwai kuma burduddugin Amurka, wanda aka shigo da shi Japan a 1918 don ci, ya bazu har Kumejima. Duk abin da ya shiga bakinsa haɗiyewa yake yi, shi ya sa ake tsoronsa ga ƙananan macizai da kaguwar da suke ci.

Sakamakon da ya fi tayar da hankali, a ganina, shi ne rabewa. Macijin ya rage a wuri biyu, kewayen Uegusuku a arewa da kewayen tsaunin Ara a kudu, tsakaninsu gonaki da tituna da gidaje. Halittar da ba ta nisa da ruwa ba za ta ratsa wannan tazarar ba. Kowane rukuni sai ya riƙa hayayyafa a junansa, jini ya yi rauni, fari ɗaya mai tsanani ko zaftarewar ƙasa na iya share ƙorama guda ba tare da wasu sun zo sun cike gurbin ba.

Sannan ga wahalar awo. Masu bincike kan yi ta bin ƙorama ba su yi ido biyu da ko ɗaya ba, don haka rashin ganinsa ba ya nuna ko raguwa yake yi ko ɓuya. Abin da za a iya aunawa shi ne tsabtar ruwa, yawan kaguwa, da yawan lakar da ke sauka bayan kowace guguwar teku. Da waɗannan ya kamata a riƙa yi wa dokokin hukunci, ba da yawan hektocin da aka shata a taswira ba.